Kowane turbo "orijinal" ne a bakin mai sayarwa

A kasuwar kayan mota ta ƙasar nan babu kalmar da ta sha wuya kamar "orijinal". Taya orijinal, batir orijinal, filta orijinal, har man birkin da aka ɗura cikin tsohuwar gora a bayan shago shi ma orijinal. Mun saba, dariya ma muke yi. Amma akwai inda wannan kalma ke iya cinye jarin mutum gaba ɗaya, wato wurin cinikin turbo, ƙarfen nan mai siffar dodon koɗi da ke maƙale a gefen injin Hilux, Prado, Land Cruiser da manyan motocin kaya.

A da cinikin turbo harkar 'yan garaji ce. Yanzu ya dawo cikin talho. Samari masu son mota a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna saye suna sayarwa ta WhatsApp da Facebook: hoto uku, ɗan bidiyo ana murza farfela da yatsa, sai muryar mai kaya, "Wallahi ɗan'uwa wanga orijinal ne, daga Dubai ya hito, ko wata guda bai yi bisa mota ba." Ka aika kuɗi, a ba direban bas, gobe ka amsa a tasha. Babu faktir, babu lamba, babu sharaɗi. Wasu suna saye don nasu ya mutu. Wasu kuwa nasu lafiyarsa lau, ƙarin ƙarfi suke nema, da wannan ƙarar mai kamar fito da mota ke yi idan an taka mata wuta.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ba ni da rigima da turbo na hannu, ba ni da rigima da kwafi. Da a ce sai sabo dal daga kamfani za mu sa, da rabin motocin gazuwal na ƙasar nan suna kan duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a ciki. Rigimata ɗaya ce: a daina sayar mana da abu da sunan da ba nasa ba.

Sai an san aikin da ƙarfen nan ke yi ake gane dalilin da suna ke da muhimmanci. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma har yau asalinta bai canja ba. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska mai yawa na ba da damar ƙone gazuwal mai yawa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ku dubi gudun: injin Hilux da wuya ya wuce juyi 4,000 a minti ɗaya, amma sandar ƙaramin turbo tana iya kai juyi 200,000 a minti ɗayan, cikin hayaƙin da zafinsa ke haura digiri 600 idan mota na jan kaya. A wannan gudun sandar ba ta taɓa ƙarfe, a kan wani siririn man inji take yawo. Idan man ya yanke na 'yan daƙiƙu, ko nauyin farfelar ya karkata gefe ɗaya ko da ɗan ƙanƙani ne, shi ke nan. Shi ya sa a masana'anta ake ɗora zuciyar turbo, wadda makanikai ke kira kartush, a kan na'urar daidaita nauyi, a juya ta da gudun da za ta yi a mota kafin a rufe kwali. Murza farfela da yatsa a bidiyo ba ya nuna maka ko ɗaya daga cikin wannan.

To, abin da ake kira "orijinal" a kasuwarmu aƙalla iri huɗu ne.

Akwai sabo na gaske, daga kamfanonin da masu ƙera mota ke saye a wurinsu: Garrett, BorgWarner, IHI, Mitsubishi, Holset, ko na Toyota da kanta irin su CT26 da CT16. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kuɗinsa kaɗai ya isa ya gabatar da shi. Akwai na hannu, wanda aka kwance daga motar da ta yi hatsari ko ta tsufa a Turai, Japan ko ƙasashen Larabawa, ya biyo ta Sharja ko Kwatano ko Lome, ko ya shigo ta Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano. Shi ma na kamfani ne, gaskiya ne, amma ba wanda ya rubuta kilomitar da ya ci a jikinsa. Akwai gyararre: gidan na asali, an canja masa kartush. Sai kwafi.

A kan kwafin nan nake so mu tsaya, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mun saba cewa "ɗan Sin" idan muna nufin abu marar kyau. A harkar turbo wannan magana ba ta auna komai. Garrett na da masana'anta a Shanghai, BorgWarner na da ita a Ningbo, Holset na ƙerawa a Wuxi. Turbo na asali da ke kan motarka yana iya zama a Sin aka yi shi. Akwai kuma kamfanonin da ke ƙera kayan gyaran turbo da sunansu, kamar Melett ta Ingila, suna buga sunansu a jiki, suna da adireshi, idan kayansu ya ɓaci an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan kwafi ne mai mutunci. Sannan akwai jabu, wanda aka kwaikwayi kwalin wani, aka kwaikwayi ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lamba, aka yi farfelar hayaƙi da ƙarfe mai arha maimakon mai gaurayen nikel da ke jure wuta, ba a daidaita nauyi ba. Ido ba ya bambanta su a kan tebur. Inji ne ke bambanta su, a hanya.

Duk huɗun suna da masu saye, kuma da an faɗi gaskiya kowanne yana da kuɗin da ya dace da shi. Mai motar haya da ke kai-kawo cikin gari yana iya cewa a ba shi kwafi, ya san abin da ya saya, ya san kasadar da ya ɗauka. Zalunci na shigowa lokacin da aka wanke na hannu da esansi, aka fesa masa fenti mai ruwan azurfa, aka sa a kwalin sabo. Ko lokacin da aka sa kartush ɗin jabu cikin gidan Garrett aka ce, "Ga suna nan, duba da idonka." Sunan na gidan ne. Abin da ke juyawa a ciki ba shi da uba.

Wani zai ce ai duk kasuwa haka take, wanda ya saya ya buɗe ido. Da takalmi ne sai in yarda. Takalmi idan ya tsinke shi kaɗai ya tsinke. Turbo ba ya mutuwa shi kaɗai. Idan farfelar iska ta fashe, gutsattsarin ƙarfen cikin inji suke tafiya, su sami fistan da bawul. Idan kuma sanda ta ci wurin zamanta, man inji ya fara zuba cikin hanyar iska, injin gazuwal yana iya fara cin mansa da kansa. Direbobin manyan motoci sun san wannan bala'in: inji ya hau gudu shi kaɗai, hayaƙi ya turnuƙe, ka kashe makulli har ka cire shi amma inji bai mutu ba, domin ba gazuwal yake sha ba a lokacin. Sai dai a toshe masa iska, ko a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci ya mutu. In ba a yi ba, zai yi ta gudu har ya farfashe. Ka yi tattalin kuɗin turbo, ka biya kuɗin inji.

Kuma mu tuna ƙasar da muke ciki. Irin waɗannan motocin su ne ke ɗaukar mai naƙuda daga likitar ƙauye zuwa babban asibiti, su ne ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da wuraren haƙar zinariya na arewa. Mutanen Damagaram ba su manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace a hanya. A Turai mota ta tsaya, a kira motar ja. A Tenere mota ta tsaya, a fara ƙirga jarkokin ruwa. Duk wani ƙarfe da ake sayarwa da sunan ƙarya cikin injin irin waɗannan motoci ya wuce maganar ciniki tsakanin mutum biyu.

Yanzu ga ku 'yan uwana masu neman ƙarin ƙarfi, domin ku ne kuka fi motsa wannan kasuwa ta talho.

Abin da kuke gani a TikTok da YouTube gaskiya ne. A Ostareliya akwai masana'antu sukutum da ke rayuwa a kan sa wa Land Cruiser turbo. Injin 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ke yi tun 1990, ba shi da turbo daga kamfani, ƙarfinsa wajen doki 130 ne. Jaki ne, ba ya gudu amma ba ya gajiya, shi ya sa ƙungiyoyin agaji da direbobin hamada ke ƙaunarsa. Ɗan'uwansa 1HD-T girmansu ɗaya, amma shi ya zo da turbo, yana ba da wajen doki 165. Sai saurayi ya ce ai bambancin turbo ne kawai, bari in sayo CT26 na hannu in ɗaura. Ba haka ba ne. Toyota ta canja wa 1HD-T kulas, ta canja fistan, ta canja yadda ake fesa gazuwal, ta rage matsin da ke cikin silinda daga sama da 22 zuwa ƙasa da 19, duk don ya iya ɗaukar abin da turbo ke cusa masa. Waɗanda ke sa wa 1HZ turbo da hankali a can suna riƙe matsin iskar ƙasa-ƙasa, suna ƙara na'urar sanyaya iska, suna daidaita famfon gazuwal a wurin masani, kuma suna sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba, idan allura ta hau sai a sassauta ƙafa. Bidiyon na daƙiƙa talatin ba ya nuna maka wannan agogon. Mu nan sai a ɗaura turbo, a murɗa famfo har mota ta fara aman baƙin hayaƙi, a ce ta "buɗe". A zafin Afrilu, da kaya har sama, a kan rairayi. Kulas ya tsage, fistan ya narke, a ce an yi wa mota baki.

Baƙin hayaƙin nan ma da ake alfahari da shi a jerin motocin biki, gazuwal ne da ka saya da kuɗinka bai ƙone ba. Kuma tun Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Mai kabu-kabu da ke bayanka da yarinya mai tallar goro a bakin titi su ne ke shaƙarsa, ba kai da ke cikin sanyin kilimatizo ba.

Amma fa a yi wa masu sayarwa adalci, domin suna da tasu hujjar kuma ba ta banza ba ce. Ka tambayi duk wani mai shagon kayan mota abin da ya hana shi ba da garanti a kan turbo, zai ce maka: ina ba da mai kyau, a kashe shi cikin mako guda, a dawo mini da gawa. Gaskiya yake faɗa. Masu ƙera turbo da kansu suna ta nanata cewa yawancin mutuwarsa daga waje take zuwa: mai bai isa ba, mai ya yi datti, ko wani abu ya shiga ta hanyar iska. Mu kuma duk ukun muna da su. Ƙurar hunturu tana cin farfelar iska kamar sanfefa idan filtar iska ta huje ko an yi ta busa ta da iska shekara biyu maimakon a canja. Bidanji ana jinkirta shi sai mai ya koma kamar kwalta. Ana sayen man inji a gora ba tare da an san abin da ke ciki ba. Siririn bututun da ke kai wa turbo mai yana toshewa da gawayi, makanike ya cire mataccen turbo ya ɗaura sabo a kan bututun nan dai, bai wanke ba, bai canja ba, bai ko ɗiga wa sabon mai kafin ya tada inji ba. Wani ma ya shafa gam na silikon a bakin bututun, gam ɗin ya ɓalle ya toshe hanyar mai. Direba ya taso daga Konni da gudu, ya isa Yamai ya kashe mota nan take, turbo na jawur, man da ke ciki ya soye. Ko wanda Garrett ta ƙera da hannunta ba zai rayu a haka ba.

To ai wannan shi ya sa rubutu zai amfani kowa. Idan babu takarda, mai sayarwa na gaskiya da maƙaryaci ɗaya suke a idon mai saye, kuma mai saye mai kula da motarsa da marar kula ɗaya suke a idon mai sayarwa. Kowa na zargin kowa, kuɗin kaya kuma ya daidaita a kan na maƙaryaci, domin shi ne ke iya karya farashi. Mai kayan kirki ya gaji, shi ma ya koma sayar da jabu.

Abin da nake kira a yi ba shi da tsada. Faktir ɗin da aka rubuta irin kayan ƙarara: sabo na kamfani, na hannu, gyararre ko kwafi. Lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen, wadda mai saye zai iya bincikawa a talhonsa yana tsaye, na Toyota galibi da 17201 take farawa. Idan gyararre ne, kartush ɗin wane kamfani aka sa. Sai kwanakin gwaji, ko da kaɗan ne, da sharaɗin mai sayarwa: a canja mai da filta, a wanke ko a canja bututun mai. Idan ya mutu cikin kwanakin, a buɗe shi a gaban kowa. Turbo yana faɗin abin da ya kashe shi: sandar da ta yi shuɗi ta ƙone don rashin mai, wadda ta yi zane-zane datti ne ya ci ta, farfelar da bakinta ya gigguje wani abu ne ya shiga.

Doka ma ba ta bar mu hannu rabbana ba. Tun 2015 Nijar na da dokar kare haƙƙin masu saye, kuma sanar da mai saye gaskiyar abin da yake saye na cikin ginshiƙanta. Akwai hukumar kula da ma'auni da ingancin kaya. Amma mu faɗi gaskiya, ba wani jami'i da zai bi rumfunan Katako ɗaya bayan ɗaya yana buɗe turbo, balle ya shiga rukunin WhatsApp. Waɗanda za su iya gyara wannan cikin wata guda su ne shugabannin 'yan kasuwar kayan mota da ƙungiyoyin makanikai, da samarin da ke riƙe da rukunonin saye da sayarwa. Kai da ke da rukuni mai mutum ɗari biyar, kana iya kafa doka yau da dare: ba a sa hoton turbo sai da hoton lambarsa, sai an faɗi irinsa, kuma wanda aka kama ya yi ƙarya a fitar da shi a faɗi dalili. Kuna fitar da mutum don ya turo bidiyon siyasa, wannan bai fi ƙarfinku ba.

Kada kuma wani ya ɗauka faɗin "na hannu ne" zai kashe masa kasuwa. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2017, doka ta tilasta wa masu garaji su gabatar wa mai mota zaɓin kayan gyara na hannu a wasu nau'o'in gyara. Kuma a can turbo gyararre kasuwa ce babba mai sunanta: ka kawo tsohonka, a ba ka wanda aka sabunta aka daidaita nauyinsa, da takardar garanti. Ba wanda ke jin kunyar sunan. Mu da kusan duk motocinmu tsofaffin wasu ne, ai mu ya kamata mu fi kowa iya wannan sana'a. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowa karɓa. Motocin nan suna zuwa da turbo da ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kuma, kaya suka koma dogon zagaye, jira ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Saurayin da ya koyi kwance turbo, ya haɗa jari da abokansa suka sayi na'urar daidaita nauyi, ya riƙa buga sunan shagonsa a jikin duk wanda ya gyara, ba zai rasa aiki ba daga Maraɗi har Agadas. Wannan ya fi a ci gaba da sayar da hoto.

Kafin a kai can, idan kaya na hannunka, ga abin da yatsa ke iya gaya maka. Ka kama kan sandar ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne idan babu mai a ciki, muddin farfela ba ta gogar gidanta. Amma idan ka ja ta ciki da waje ka ji tana tafiya, ajiye. Ka haska tocilar talho ka dubi bakin farfela, ka dubi gefen hayaƙi ko akwai tsagewa, ka shinshina ko fentin sabo ne. Ka tafi da makanikenka, amma ka san cewa sau da yawa yana da la'adarsa a wurin mai shago, don haka ka tambaye shi a gaban mai shagon: "Maigida, in ya mutu cikin sati biyu, wa zai biya, kai ko shi?" Ka saurari wanda zai fara kallon ƙasa.

Idan an gama ɗaurawa kuma, ka karɓi tsohon turbonka ka tafi da shi gida. Naka ne, gidansa kuɗi ne, kuma shi ne shaidarka kan abin da ya kashe shi. In ka bar shi a garaji, kada ka yi mamaki ka gan shi mako mai zuwa a rukuninku, an wanke shi, ya sha fenti, ana murza masa farfela da yatsa, daga Dubai ya hito.